Jar Tuta a Gaban Surukina

Tsawo ne ya ja mini aikin tuta. Shekarar da Turawa suka tashi kafa falwaya, wato turakun wayar tangarahu, a gefen hanyar da ta fita daga Haɗeja ta nufi Kafin Hausa, an tara mu masu neman aikin lebura a bakin ƙofar gari. Heluma, shugaban leburori ke nan, yana bin mu ɗaya bayan ɗaya yana taɓa kafaɗu kamar mai cinikin takarkari. Masu ƙwanji aka miƙa musu diga da shebur. Da ya iso kaina sai ya ɗaga kai, ya ƙara ɗagawa, sannan ya ce, "Wannan ai falwaya ce ta zo da ƙafarta. A ba shi tuta." Aka yi dariya, ni ma na taya, don a lokacin gani nake na tsallake haƙar rami na faɗa aikin hutu.

Wanda ya san hanyar a yau ba zai gane abin da nake faɗa ba. A wancan zamani ƙasa ce kawai aka tara aka ɗaga a tsakiyar fadama, faɗinta bai wuce na mota guda ba. Idan kogi ya cika ya tumbatsa da damina, ruwa yakan kwanta dama da hagu har sanyi ya shigo bai gama janyewa ba, ga bado, ga shinkafa, ga masunta kwance a kan gorunansu. A gefen wannan siririyar hanya aka ce a haƙa ramuka a kafa ƙarafa a ja waya a kai. Leburori na cikin rami, masu hawa na saman falwaya, jama'a kuma na bin tsakiya da dabbobinsu. Dole a sami abin da zai raba su.

Sai da aka gwada dabaru kafin a zo kaina. Da farko allo aka kafa, fari tas, da jan rubutun boko. Heluma ya ce abin da aka rubuta shi ne a tafi a hankali, mutane na aiki a gaba. Magana ce mai kyau. Sai dai jakunan ƙasarmu ba su shiga makaranta ba, masu jakunan ma haka, direbobin da suka iya karatu kuwa sai sun wuce allon suke tuna abin da ya ce. Ba a daɗe ba allo ya yi ɓatan dabo. Daga baya aka gan shi a wani ƙauye ya zama ƙyauren akurki, kaji na shiga suna fita a hankali kamar yadda aka umarta. Sai aka kawo gangunan kananzir aka shafa musu farar ƙasa aka jera a bakin ramuka. Shanun Fulani suka ga an yi musu wurin susa, suka yi ta goga jiki har gangunan suka gangara cikin ruwa, waɗanda suka tsira kuma matan ƙauye suka gano sun fi tulu ɗaukar ruwa.

Daga nan Baturen waya, wani siriri mai jan wuya da gajeren wando, ya yanke shawara cewa sai an kafa abin da ba ya sacuwa, wato mutum. Aka ɗauke mu mu biyu, ɗaya a wannan bakin aiki, ɗaya a wancan, kowa da tuta biyu, ja da koriya. Ya koya mana aikin da kansa ta bakin tafinta. Ja a sama, kowa ya tsaya. Koriya, a wuce. Mai tuta ba ya zama, ba ya jingina, ba ya sauke ja sai heluma ya busa usur. Ya ƙara da cewa ko wane ne ya zo a tsayar da shi, komai girmansa. Sai da tafinta ya waiga hagu da dama kafin ya fassara wannan, kuma da ƙaramar murya ya faɗe ta.

Mota aka yi dokar domin ta, amma sai a wuni ba a ga mota ko ɗaya ba, in ban da lokacin kaka da akori-kura ke kwasar gyaɗa. Abokan cinikina jakuna ne da takarkarai da mata masu ƙwarya a ka. Yara suka raɗa mini Sarkin Jakuna. Tutar da aka ce za ta nisanta mutane daga rami ita ta riƙa tara su, don ba a taɓa ganin ƙato da gemunsa tsaye a rana yana riƙe da tsumma a kan sanda ba. Wata tsohuwa ta tsaya ta ƙare mini kallo, ta tambayi leburori a hankali ko an gwada yi mini turare.

Abin da Bature bai sa a lissafinsa ba shi ne gaisuwa. Yaro ba ya gai da babba a tsaye, ni kuwa an hana ni tsuguno. Sai na ƙirƙiro nawa salon: in lanƙwasa gwiwa rabi, in sunkuyar da kai, hannu yana sama da tuta, kamar zalɓe ya hango kifi. Dattawa suka karɓa da haƙuri. Sukan ce, "Bar shi, aikin Nasara ne, ba laifin yaro ba." A haka muka yi ta tafiya lafiya lau.

Mutum guda ne rabin tsuguno ba ya isar masa, shi ne surukina. Dattijo ne mai tsagar Barebari, kakanninsa daga wajen tafkin Cadi suka zo, sana'arsa fataucin bandar kifi. Kowace ranar kasuwar Kafin Hausa yakan ɗaura wa takarkarinsa biyu kaya, ya hau na gaba, ya bi wannan hanya da hantsi ya dawo da yamma. Tun da aka ɗaura mana aure da 'yarsa ban taɓa haɗa ido da shi ba. In na hango shi a lungu sai in canza lungu. In ta kama dole, in tuɓe takalma tun daga nesa, in sauka daga hanya, in tsuguna kai a ƙasa har ya ɓace. Shi ma yana da nasa rabon kunyar. In ya hango ni sai ya kau da kai ya ba ni damar ɓacewa, in kuma yana da magana da ni sai ya gaya wa wanda ke kusa, ko da bango ne.

A lokacin matata tana gidansa, ta tafi goyon ciki, cikinmu na fari. Bisa al'ada in ta haihu ta gama wankan jego sai a dawo mini da ita. Ina son matar nan. A wancan lokacin ko da wuƙa a wuya ba zan faɗa ba, yanzu kuwa tsufa ya ba ni lasin. Ɗakinmu ya yi mini faɗi tun da ta tafi, ba abin da nake jira kamar ranar da za ta dawo da goyo a baya.

Saboda haka na yi wa ranar kasuwa dabara. Da na hango farin rawaninsa daga nesa sai in ce wa heluma zan kama ruwa, in miƙa masa tuta in gangara bayan goruba. Heluma tsohon soja ne, ya ga duniya, ya kuma san abin da ake ciki. Yakan karɓa ya ce, "Je ka, wannan cikin naka mai sanin ranar kasuwa Allah ya ba shi lafiya." Amma rana dubu ta ɓarawo, rana ɗaya ta mai kaya.

Akwai wata kwana da hanya ta karya a gindin wasu gorubai, a nan dole waya ta tsallaka daga wannan gefe zuwa wancan. Ranar da za a tsallaka da ita ta faɗo daidai ranar kasuwa. Aka shimfiɗa wayar a kan hanya, leburori suka kama igiya suna ja, tana tasowa sannu a hankali. A saman falwaya akwai wani Banufe, gwanin hawa, mutumin kirki da muke raba goro da shi, ya ɗaure kansa da ɗamara, bakin wayar na naɗe a jikin ƙarfen da yake kai. In wani abu mai nauyi ya fizgi wayar nan, da shi da falwayar da ba ta gama kama ƙasa ba za su zo ƙasa tare. Ni ina ɓangaren gari. A can ɗaya ɓangaren ga akori-kura danƙare da gyaɗa tana ruri tana jira. Abokin aikina da ya tare ta ba ya ganin wayar saboda gorubai, tutata kawai yake hange ta saman ganye, albarkacin tsawon nan nawa. Heluma ya ja mini kunne tun da safe cewa in tawa ta sauka, ta abokin nawa za ta sauka, mota kuma za ta taho. Shi kansa yana can cikin masu jan igiya yana ba da waƙa.

Waya ta kai daidai ƙirjin mutum ke nan na hango farin rawani.

Yana tafe a kan takarkarinsa, a bayansa ayarin 'yan kasuwa, maƙwabta da abokan ciniki da mata masu daddawa, duk waɗanda suka san ni suka san shi. Na ƙwala wa heluma kira, waƙar jan igiya ta haɗiye muryata. Gaba kura, baya sayaki. Na ce a raina ai zai ga ja ya tsaya kamar kowa, in ya so in lanƙwasa gwiwa iya yadda ta lanƙwasu. Sai dai na manta da abu guda. Tsawon da ya sa abokin aikina ke hangena shi ya sa Baba, surukin nawa, ya gane ni tun daga nesa, ya kuma yi abin da dattijon kirki ke yi, ya kau da kai ya zuba wa ruwa ido don in sami damar ɓacewa. Duk ƙasar Haɗeja mutum ɗaya ne ba shi da ikon kallon tutar nan, kuma shi ne a gaban ayari.

Takarkari ya yi ta matsowa. Na kaɗa tuta, na buga ƙafa, na yi tarin ƙarya. Baba na kallon bado. Ban san lokacin da bakina ya buɗe ba, na ji na ce, "Baba, a dakata." Ita ce magana ta farko da na taɓa yi masa ba ta bakin wani ba. Ko gezau bai yi ba, don a saninsa ba zai yiwu da shi nake ba. Saura taku kaɗan takarkarin ya sa ƙirji a waya, sai na shiga tsakiyar hanya, da takalmana a ƙafa, tsaye ƙyam, hannun dama na sama da ja, na sa hagu na cafke igiyar hancin takarkarin na ja shi baya.

Sa ya turje, kaya suka karkata, Baba ya dafe don kada ya faɗo, rawaninsa ya zame gefe guda. Ya juyo, muka haɗa ido. A ranar na san yana da ɗan tabo a girar hagu. Ya dubi hannuna a kan igiya, ya dubi takalmana, sannan ya dubi wayar da ke lilo a gabansa. Ya gyara rawani ba gaggawa. Sai ya sunkuya ya ce wa takarkarin, "Tsaya, bawan Allah. Yau an ce da ni da kai sai an ba mu izini."

Haka muka tsaya, ni riƙe da hancin sa, shi a kai, jama'a na kallo, har aka ɗaga waya aka ɗaure, heluma ya busa usur. Ban taɓa jin usur ya yi jinkiri kamar na ranar ba. Na ɗaga koriya, na zube a gefen hanya na tsuguna, amma tsugunon bayan an gama kallo ba shi da amfani.

Da abin ya tsaya nan da da sauƙi. Ashe Bature na tsaye a kan tudun ƙasa yana gani. Ya taho da sauri fuska cike da murna, ya kama hannuna ya tashe ni tsaye a gaban Baba, ya bubbuga kafaɗata, ya sa tafinta ya gaya wa jama'a cewa haka ake son mai tuta, wanda ba ya duba fuskar kowa. Ya nuna Baba da yatsa ya ce ko wannan tsoho mai taurin kai an nuna masa doka. Tafinta ya tausaya mini ya mai da mai taurin kai ya zama mai daraja, amma yatsa ba ya bukatar tafinta. Bature ya ciro sabon usur mai sarƙa ya rataya mini a wuya. Gyaran gangar Auzinawa ke nan. Baba ya zunguri sansa ya wuce.

Kafin in koma gida labari ya riga ni. A bakin rijiya an ce na tare surukina da jan ƙyalle kamar mai korar tsuntsaye a gonar shinkafa. A majalisar mahauta an ce na fizgo shi ƙasa. Da labarin ya kai bakin kogi har na mare shi, Nasara ya ba ni lambar yabo. Banufen da ke saman falwaya kuwa ba wanda ya sa shi a labarin, don ba ya ƙara masa daɗi.

Ba a jima ba matata ta haifi 'ya mace. A bakin maƙwabta na ji. Na aika da rago da goro, aka karɓa, aka yi suna, ba wanda ya ce mini kanzil. Aka gama wankan jego, na share ɗaki na sa aka yi sabon daɓe, na zauna jira. Shiru. Wata ya mutu, wani ya kama, shiru. Baffana, ƙanen mahaifina, wanda shi ya karɓa mini auren, ya sa babbar riga ya tafi. Aka shimfiɗa masa buzu, aka kawo fura, aka yi hirar yadda ruwa ya ƙi janyewa bana da yadda kifi ya yi tsada. Duk lokacin da ya karkato da zance wajen mai jego, sai Baba ya tambaye shi lafiyar gonarsa. Ya dawo ya ce mini, "Ba a ce a'a ba." Na ce, "To an ce i, Baffa?" Ya ce, "Kai dai da ka tare mutane a hanya ai ka san yadda jira yake."

Wata tsohuwa mai sayar da daddawa, wadda ke shiga gidansu, ita ta kawo mini saƙon matata. Tsohuwar ta ce, "Matarka ta ce in gaya maka yarinya ta ɗauko tsawonka, Allah ya sa kada ta ɗauko aikinka. Ta ce kuma ka tsayar da Baba na ɗan lokaci, shi ya tsayar da ita, kuma ta duba ko'ina a gidan ba ta ga inda yake ajiye koriyar tuta ba." Na yi dariya a gaban tsohuwar, da ta fita na kasa cin tuwo.

Banufen nan, Allah ya saka masa, da ya ji abin da ake ciki sai ya wanke riga ya tafi zauren Baba da kansa. Ya zayyana masa yadda waya take, da yadda mota ke jira, da 'ya'yansa da ke can garinsu. Baba ya saurare shi har ƙarshe, ya ba shi goro, ya ce, "Allah ya ƙara tsarewa. Ni ma na ga wayar daga baya. Amma mutanen da ke bayana ran nan, rawanina suka gani ya zame." Daga nan ya shiga tambayarsa yadda ake bandar kifi a ƙasar Nufe.

Na yi niyyar ajiye aikin. Heluma ya ce in na ajiye na amsa laifi ke nan, Baffa ya ce kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski, ga kuma 'ya da za a ciyar in Allah ya sa an dawo da ita. Na ci gaba da tsayuwa, usur a aljihu, don kunyar rataya shi nake ji.

Tun ranar da abin ya faru Baba bai ƙara zuwa kasuwa ba, sai da sanyi ya kankama sannan na sake hango farin rawani. A lokacin, aiki ya yi nisa cikin fadama, inda ruwa ya fi zurfi, ba goruba ko ɗaya da mutum zai laɓe. Na fara neman heluma da ido, sai na ga ayari ya rabu. Tun daga nesa, inda ba a ce na gan shi ba, Baba ya sauka daga kan sa, ya tuɓe riga ya naɗe a ka, ya ja takarkarinsa ya gangara cikin ruwa. Sauran 'yan kasuwa suka biyo hanya suka wuce ta gabana. Shi kuwa ya zagaye wurin aikin gaba ɗaya, ruwa har ƙirji, dattijo da furfurarsa, yana ture bado da hannu, shanu na huci a bayansa, sai da ya wuce abokin aikina sannan ya hau tudu. Da yamma ya dawo ta inda ya bi.

Ba wanda ya bukaci tafinta. Gari ya ɗauka cewa Baba ya haramta wa kansa hanyar da nake tsaye a kai, ya gwammace ruwan sanyi da ganin fuskata. Masu cewa na mare shi suka sami hujja. Ni kuwa kowace ranar kasuwa ina tsaye da tsummana ina kallon farin ƙullin rigarsa yana tafiya a kan ruwa, ina jin kamar ƙasa ta tsage in shige. Na ji haushinsa, ba zan ɓoye ba. Na ce a raina wannan wace irin zuciya ce, mutum ya hukunta ni ta hanyar azabtar da kansa. Na kuma fid da rai da matata, har na daina share ɗakin.

A haka aka kafa falwaya ta ƙarshe, aka karɓe tutoci. Da za a fara wani aikin ta wajen Kirikasamma, sai ga Bature ya zo da sabuwar fasaha, doguwar gora da aka yi wa fenti ja da fari, an ɗora ta a kan turke da dutse ɗaure a gindi, a ja igiya ta sauko ta tare hanya, a saki ta tashi. Mai kula da ita ko a tsugune ya wuni ba ruwan kowa. Heluma ya shafa ta ya dube ni ya ce, "Ka ga wannan? Ba ta da suruki." Ba a ƙara neman dogon mutum ba, aka sallame ni da usur ɗina.

Kwanaki kaɗan bayan haka aka ce Baba na kwance, sanyi ya kama masa gwiwoyi sun kumbura, ga tari. Dubiya ba a fushi da ita, Baffa ya tasa ni gaba muka tafi. Na tuɓe takalma tun daga bakin lungu, na tsuguna a dokin ƙofar zaure, kaina a ƙasa. Ta gefen ido na ga ƙafafunsa miƙe a kan tabarma, an shafe su da magani, ga kaskon wuta a gefe. A kan cinyarsa akwai jaririya, doguwa kamar an ja ta. Ranar na fara ganin 'yata.

Baffa ya yi gaisuwa ya yi addu'a, aka shafa. Baba bai dube ni ba. Ya ɗaga yarinyar ya kai ta saitin fuskarsa, ya yi mata magana irin ta kaka da jika.

"Ke amarya, kina jina? Gaya wa ubanki ya tashi haka nan. Gwiwa ba abin wasa ba ce, ni na sani yanzu." Ya yi tari ya huta. "Ki ce masa tsugunonsa mun gani, tsayuwarsa ma mun gani, ba wadda ta yi laifi a ciki. Mutum ba ya sa ɗansa irin wannan tsayuwa sau biyu, shi ya sa na bi ruwa. Uwarki kuma na riƙe ta ne don bakin mutane ya sami abin tauna. Ya tauna ya ƙoshi, aikin ma ya ƙare. Shiga ki ce ta haɗa kayanta."

Yarinya ta kama gemunsa ta ja. An ce in tashi, na kasa. Ni da na yi wata da watanni ina wuni a tsaye ƙafata ba ta gaza ba, ran nan ta ƙi ɗaukata, hawaye na zuba a kan ƙasar zauren ina sharewa da hula. Sai da Baffa ya zungure ni da ƙafa ya ce, "Kai, ba ka ji abin da yarinya ta ce ba?"

Da la'asar sakaliya aka rako matata da goyo a baya da ƙwarya a ka. Ta shiga ɗaki ta dubi ƙurar da ta taru, ta ce, "Malam, ashe tsintsiya ma ja ka ɗaga mata." Na ɗauki tsintsiyar.

Baba ya tashi daga ciwon, amma gwiwoyin ba su ƙara ɗaukarsa zuwa Kafin Hausa ba. Daga zaure sai masallaci, da sanda, har Allah ya karɓi abinsa. Takarkaran nan biyu ni aka aiko wa, ta bakin yarinya kamar yadda aka saba, na gaji fataucin banda. Shekara da shekaru ina bin hanyar nan ranar kasuwa, waya na kuka a samana, ba ta taɓa ɗauko saƙo zuwa gare ni ko gare shi ba. Duk inda na tarar ana aiki a gefen hanya an kafa wani bawan Allah da tuta, nakan dube shi sosai tun daga nesa, in tsaya kafin ya ɗaga hannu.